Rigar Kabo

Jiratawa, watan ƙaramar salla, 1939

Zuwa ga yayana Gado, wanda mutanen Damagaram ke kira Abdulmutallib.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Rahmatu da yara, da kunnen nan naka da bindigogin Nasara suka toshe. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwa da ke taso mini in na daɗe tsugune a garka. Malam Maman Lawali ne ke rubuta mini, shi ma yana gaishe ka. Gero ya yi kyau bana, gujiya kuwa sai a hankali.

Bayan haka, ɗanka Nomau ya shiga soji. Ba kama shi aka yi ba. An yi shela a kasuwar Maradi cewa Faransa na yaƙi da Jamus, kumandan yana son samari masu sa kai, za a koya musu bindiga su zama runduna guda. Ya dawo ya same ni ina ban ruwan albasa, ya ce, "Inna, na ba da sunana." Na ce wa ka tambaya? Ya ce, "Kawu Gado wa ya tambaya ran da ya tahi?" Ka ga abin da ka bar mana ke nan. Autana ne, kuma tun rasuwar ubansa shi kaɗai ke riƙe mini hauya.

Suna bariki, ran Jumma'a kaɗai ake sakinsu. Ya ce tun da suka shiga ba su yi harbi ko sau ɗaya ba. Sanduna aka sassaƙa musu kamar bindiga, da su suke fareti, su juya dama su juya hagu. Bindigogin gaske kaɗan ne, ana ba su bi da bi su kwance su haɗa, babu harsashi a ciki. Sarjan ɗinsu Bambara ne, Hausarsa ba ta wuce zagi ba.

Na tafi Tsibiri na gaya wa babban yayanmu Kabo. Bai yi faɗa ba. Ya shiga ɗakin tsafin gidanmu ya daɗe, bayan kwanaki ya aiko wa yaron riga ta saƙi, da layu ɗinke a ciki tun daga wuya har cinya. Ya ce irin wadda kakanmu ke sawa ce in za shi farautar ɓauna, ƙarfe ba ya cin mai ita.

Kai da ka ga yaƙin Nasara da idonka, ka aiko wa yaron nan magana. Ba na barci da kyau.

Ƙanwarka, Tani.

*

Damagaram, Disamba 1939

Zuwa ga ƙanwata Tani.

Bayan sallama da gaisuwa, takardarki ta same ni lafiya a bakin ɗakin ajiyar da nake gadi. Rahmatu ta ce ki riƙa ɗumama gwiwar da man shanu. Kunne yana nan yadda kika san shi, ɗaya na aiki ɗaya na hutu.

Labarin Nomau bai yi mini daɗi ba, amma tunda an rubuta sunansa ba mai goge shi. Fareti da sanda bai ba ni mamaki ba, mu ma haka aka yi mana, sai a cikin jirgin ruwa wasunmu suka fara taɓa harsashi. Nasara in yana sauri ba ya damuwa da ko ka iya.

Ga abin da za ki faɗa masa. Ya kula da ƙafafunsa, ya wanke su, ya shanya, don soji da ƙafa yake yaƙi. Ya koyi share bindiga har ya iya da ido rufe. Abu mafi girma kuma, in ya ji ƙarar harbi ya faɗi ƙasa, ya manna cikinsa da ƙasa kamar ƙadangare, kada ya ɗaga kai don ya ga mai harbin. Waɗanda suka dawo gida cikinmu waɗanda suka iya kwanciya ne.

Zancen rigar Kabo kuwa, ya sa ta in yana so. Ƙasar da za a kai su akwai sanyi, za ta yi masa maganinsa. Iyakarta ke nan.

Ki gaishe da Kabo in zai amsa.

Yayanki, Abdulmutallib.

*

Jiratawa, kafin babbar salla

Zuwa ga Yaya Gado.

Ina gaisuwa. Muna lafiya, albasa ta fara kai. Na gode wa Rahmatu, man ya taimaka.

Takardarka ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Shekara ashirin ke nan tun da ka dawo da sabon suna ka ƙi cin naman yankan gidanmu, har yau ba ka gaji da raina Kabo ba? Na nemi maganar da za ta ƙarfafa yaro, ka aiko masa ya zama ƙadangare. Da Malam ya karanta wa Nomau sai ya yi dariya, ya ce, "Ashe da ciki Kawu ya yi yaƙin nashi." Maganar sanyin ma ta kai kunnen Kabo.

To, bari in gaya maka abin da na gani da idona, ba labari aka ba ni ba. Makon jiya aka fito da su fadamar gulbi, tsakaninmu da Maradi, aka ce za a gwada su. Duk gari ya fita kallo. An kawo tsoffin soji daga wani wuri, suka kwanta bayan tudun yashi da bindigogin gaske. Yaranmu kuma aka jera su a gaban itatuwan kanya da sandunansu, aka ce su ruga su kama tudun. Yaya, wuta na gani tana fita daga bakin bindigogin nan, hayaƙi ya tashi, ƙara kamar ƙasa za ta tsage. Na faɗi na rufe fuska, sannan na leƙa ta tsakanin yatsu. Samarin Madarunfa duk suka zube ƙasa, wasu suka juya da gudu. Nomau bai ko sunkuya ba. Shi da abokinsa Tanimu, da sauran yaran Tsibiri da Kabo ya ba layu, suka tafi tsaye har kan tudun. An harbe su gaba da gaba, ko ƙwarzane babu.

Kumandan da kansa ya dafa kafaɗar Nomau. Tafinta ya ce wai bai taɓa ganin sababbin soji masu zuciya haka ba, wai waɗannan sun shirya. Sarjan yana ta dariya, ya ja rigar Nomau yana cewa da kyau, da kyau.

Yanzu ƙofar gidanmu na Tsibiri ba masaka tsinke. Iyaye daga ko'ina suna zuwa neman riga. Kabo ya rame don ɗinki. Shi kansa ya ce mini bai taɓa gwada ta da bindigar Nasara ba, ya ji daɗi da iyayen gidanmu na ɗakin tsafi ba su kunyata shi ba. Ni kuwa na samu barci.

Ba na ce ka bar sallarka ba. Amma ka yarda ɗan'uwanka ya san wani abu.

Tani.

*

Damagaram, Janairu 1940

Zuwa ga Tani, da gaggawa.

Ina fata kuna lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa, sauri nake yi.

Ki sa Malam ya karanta miki wannan sau biyu. Ba raini ba ne, na rantse da kabarin Dada uwarmu. Abin da kika gani a fadama ba harbi ba ne. Nasara suna da harsashi iri biyu. Na yaƙi kansa na jan ƙarfe ne mai tsini, da dalma a ciki. Na koyo kuwa albarushi ne kawai, an toshe bakinsa da guntun icce mai rami. Yana ƙara, yana wuta, yana hayaƙi, amma iccen watsewa yake yi da ya fita. Da shi ake wasan yaƙi a kowane bariki. Ko tsirara Nomau ya tafi ran nan ba abin da zai same shi. Yaran ba su sani ba don ba a taɓa ba su harsashi a hannu ba. Sarjan ya sani, kumandan ya sani. Sun yi shiru ne don sojin da ba ya kwanciya yana da kyau a ido ran da manya suka zo dubawa.

A ƙasar Faransa ina tare da wani Abdu, mutumin Gazawa. Layunsa sun fi na kowa, kuma shi ma an yi masa wasan nan a bariki ya fita lafiya. Ranar farko da muka gamu da Jamus muka kwanta, shi ya miƙe yana kirari. Ni na ja shi cikin rami daga baya. Layun suna jikinsa duka, ba wadda ta tsinke. Ban taɓa gaya muku wannan ba don ba labarin da ake ba mata a tsakar gida ba ne.

Ba na gardama da Kabo a kan daji. Na ga ya warkar da saran maciji, na ga ya cire kibiya. Wannan dai wani abu ne daban, kuma bai san shi ba, kamar yadda ni ban san saiwoyinsa ba. Maganar sanyi da na yi, baƙar magana ce, ban kyauta ba.

Ki je wurinsa da kanki. Yaran ba za su ji maganata ba, sun riga sun sa mini sunan matsoraci. Tasa kaɗai za su ji.

Na ba yaron motar gujiya wannan takarda, ya ce jibi suna Maradi.

Gado.

*

Jiratawa, bayan babbar salla

Zuwa ga Yaya Gado.

Gaisuwa da barka da salla, ko da ta wuce. Muna nan da rai.

Takardarka ta yi kusan wata a hanya. Motar ta lalace a Tasawa, yaron kuma ya manta da ita cikin aljihu. Duk wannan lokaci ina cewa fushi kake yi don Kabo ya yi gaskiya, har na zage ka a raina. Ka yafe.

Ta zo ta tarar da abu ya yi nisa. An fara sa yaran tsaron hanyar Katsina, kuma mai tsaro ana ba shi harsashi. Samarin Madarunfa suna yi wa su Nomau gori, wai wani tsohon gardi, ɗan sandan Nasara, ya ce harbin fadama na banza ne. Don haka Nomau da Tanimu suka yi alkawari a gaban jama'a: ran da tsaro ya faɗo kan Tanimu zai ɓoye harsashi ɗaya, ran Jumma'a su sauka gulbi, Nomau ya tsaya, Tanimu ya harbe shi a ƙirji. Na karanta wa Nomau maganarka daga kaina, don na sa Malam ya maimaita har na haddace. Ya ce, "Inna, ke ma kin gani da idonki. Hassada ce ta tsohhin soji, su ba su samu irin tamu ba." Na yi kuka, na kama ƙafarsa. Ya ɗaga ni yana lallashi kamar ni ce yarinya.

Na tafi Tsibiri da ƙafa. Na sami Kabo yana ɗinki, na faɗa masa duka. Ya ajiye allura, ya ce, "Gado ya rantse da Dada?" Na ce ya rantse. Ya ce, "Kuma da wane suna ya sa hannu?" Na ce Gado. Can ya ce, "Tashi ki gwada mani wurin da anka yi halbin."

Muka zo fadama da rana tsaka. Ka san shi da bin sawu. Ya sa na tsaya inda yaran suka tsaya, shi ya je ya kwanta bayan tudun ya duba. Sannan ya bi itatuwan kanyar nan ɗaya bayan ɗaya yana shafa jikinsu da hannu, ya tona yashin gindinsu. Ya koma gaban tudun ya tsugunna, ya tsinto ƴan ɓarɓashin icce da suka ƙone, ya shinshina. Ya ce mini, "Tani, in riga ta kauda halsashi, wani wuri za ya hwaɗa. Bindiga nawa anka halba nan, ba icce guda da ya ji ciwo. Gado ya yi gaskiya." Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Ya daina ɗinki, ya sallami mutanen ƙofar gida. Ya kira yaran ya faɗa musu da bakinsa. Yaya, ba su yarda ba! Wasu sun ce gwada zuciyarsu yake yi. Wasu sun ce kumandan ne ya tsorata shi. Nomau ya ce, "Kawu, tsuhwa ce ta kama ka, rigarka ta hi ka ƙarhi yanzu."

In na kai ƙara bariki za a ɗaure su, kuma su fito da imaninsu yadda yake, a kai su gaban Jamus da shi. Ka gaya mini abin da zan yi.

Tani.

*

Damagaram, Fabrairu 1940

Tani,

Ina gaishe ki, Allah ya sa wannan ta riga Jumma'ar nan zuwa.

Kada kowa ya tsaya gaban bindiga. Ku sami rago, ku sa masa rigar, ku ɗaure shi a gindin icce, a harbe shi kowa na gani. Ni zan ba da ragon. In sun ƙi, ki kai ƙara, ɗauri ya fi kabari.

Na nemi izinin tafiya, maigidana ya ce sai an sami wanda zai riƙe mini gadi. Ina nan ina nema. Ki ce wa Yaya Kabo na ji abin da ya yi a fadama, kuma ba kowane namiji ke iya faɗin abin da ya faɗa ba. Ki ce masa in na zo gidanmu zan sauka.

Gado.

*

Tsibiri, watan cika ciki

Zuwa ga yayana Gado.

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka gaisuwar rashi. Yaya Kabo ya rasu. Nomau yana da rai. Daga gidanmu nake aiko maka wannan, Malam ya biyo ni nan don zaman makoki.

Takardarka ta zo muna kan tabarmar gaisuwa. Kada ka ce da ta zo da wuri da an tsira. Zancen rago ni ma na kawo wa Kabo shi tun kafin ranar. Ya ce, "Za su ce ba don dabba anka yi ta ba. Kuma gaskiyarsu, ni na hwaɗa masu haka da bakina."

Ran Jumma'ar da hantsi suka taru a gulbi, ƴan rundunar kusan duka, da mutanen gari. Tanimu ya sato fita da bindigar tsaro cikin tabarma. Nomau ya tsaya gindin kanya da rigarsa, yana murmushi. Ni ina riƙe a hannun mata biyu. Sai ga Kabo da sandarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Nomau, tuɓe. Ni na ɗunka ta, ni za ni hwara. In ta tsare ni, kai ma ka tsaya." Yaran suka yi sowa, sun ɗauka ya dawo hanya. Nomau ya tuɓe ya sa masa da hannunsa.

Kabo ya karɓi harsashin a hannun Tanimu ya ɗaga shi sama, ya zagaya da shi kowa ya gani. Kansa ja mai tsini, yadda ka faɗa. Ya ce, "Ku dube shi da kyau. Irin wanga za ku tarar inda za a kai ku." Tanimu ya sa shi cikin bindiga, ya ja baya zai auna. Kabo ya ce, "A'a, ba ni nan. Ba ɗan da za ya ɗauki jinina." Ya ɗora ƙafa kan saiwar kanya, ya jawo gefen rigar inda babbar laya take ya shimfiɗa a cinyarsa, ya kifa bakin bindigar a kai, ya miƙa hannu ya ja kunama.

Ya san abin da zai faru, Yaya. Na ga idonsa. Ina jin ya zaɓi cinya don yana zaton ƙafa kaɗai zai rasa.

Ba wanda ya yi motsi sai Nomau. Ya yage rawanin wani ya ɗaure ƙafar, amma jinin ya ƙi tsayawa. Kabo yana kwance yana ce musu, "Ku matso ku gani. Ku sa yatsa cikin hudar rigar. Kowa ya gani." Sai da suka zo ɗaya bayan ɗaya suka duba ya yarda aka ɗauke shi. An kai shi wurin likita a Maradi, ya yi iya ƙoƙarinsa. Da gardawa suka zo tambaya Kabo ya ce shi ya ƙwace bindigar, don haka Tanimu ɗaurin kwanaki kawai ya sha.

Kafin la'asar jikinsa ya ɗau ɓari, haƙoransa na haɗuwa. Na cire mayafina zan rufa masa, ya ce a'a, a rufa masa rigar. Muka rufa. Ya ɗan yi dariya, ya ce, "Ki ce ma Gado tana maganin sanyi. Nan ma bai yi ƙarya ba." Ya ce kuma ɗakinka na nan, ba wanda ya taɓa shiga. Bai sake magana ba. Mun binne shi yadda ake binne mafarautan gidanmu, da bakansa da kwarinsa.

Washegari aka tarar da layu tuli a gindin kanyar. Ba wanda ya sa su, kowa ya kwance nasa ya ajiye.

An ce za a tafi da rundunar zuwa yamma kafin ruwan farko. An sake yi musu wasan yaƙi a fadama, ban je ba. Sarjan ya yi fushi ƙwarai, wai an lalata masa soji, kumandan kuma bai dafa kafaɗar kowa ba. Nomau ya zo jiya, ya rame, ba ya son magana. Ya ce in tambaye ka yadda ake share bindiga da ido rufe, da abin da ake shafa wa ƙafa. In ka samu izini ka zo ka koya masa da kanka, kafin a tafi da su.

Da zai koma na raka shi bakin hanya. Ya ce, "Inna, yanzu da na ji ƙara ni ke hwara kwantawa. Sarjan matsoraci yake ce mani gaban kowa." Yana faɗi yana sunkuyar da kai don kunya.

Na dafa kansa na ce Allah ya ƙara maka tsoro. Kai ma da kake salla, ka roƙa masa haka.

Ƙanwarka, Tani.